Kanti da Kasuwa a Garuruwan Yuraniyom: Tarihin Sayar da Abinci a Arlit da Akokan

1.0 Gabatarwa

A biranen ƙasar Hausa na dauri ba a shan wahalar gane tsakiyar gari. Inda fada take, da masallacin Juma'a, da babbar kasuwa, nan ne cibiya, sauran unguwanni kuwa su kewaye ta. Garuruwan da aka gina saboda haƙar ma'adinai ba haka suke tashi ba. Kamfani ne ke zana su a takarda tun ba a aza tubali ko ɗaya ba, shi ke cewa ga inda gidaje za su zauna, ga asibiti, ga makaranta, ga kanti. Arlit da Akokan, waɗanda ke arewacin jihar Agadas a Jamhuriyar Nijar, irin waɗannan garuruwa ne.

Abin da za a duba a nan shi ne yadda aka riƙa sayar da abinci a waɗannan garuruwa biyu, tun daga kafa Arlit a 1969 har zuwa bayan rufe mahaƙar Akuta a 2021. Batun yana da nauyi domin wuri ne da ba a noman hatsi. Ruwan saman da ke sauka a shekara bai kai milimita 100 ba, ruwan sha kuwa daga ƙarƙashin ƙasa ake jawo shi. Kowace ƙwayar gero da aka daka a Akokan, mota ko raƙumi ne ya kawo ta daga nisan ɗaruruwan kilomita. Za a ga cewa kantin da kamfani ya buɗe a tsakiyar unguwarsa ya ciyar da masu albashi, kasuwar da ta tsiro a bayan shinge kuwa ita ta ciyar da gari, har a hankali ta zama ita ce tsakiyarsa.

2.0 Yadda Abzin ke samun abinci kafin zuwan kamfani

Tun zamani mai tsawo, ƙasar Abzin ba ta taɓa ciyar da kanta da hatsi ba. Abzinawa, musamman Kel Owi, sun dogara ne ga fatauci mai kusurwa uku. Bayan damina sai ayarin raƙuma ya keta hamadar Tenere zuwa Fashi da Bilma ɗauke da gero, ya komo da gishiri da dabino. Daga nan ayarin ya gangara kudu zuwa Damargu da Damagaram, wani lokaci har Kano, a sayar da gishiri a sayi gero da tufafi, a yi kiwon raƙuma a can har bazara ta matso, sa'an nan a koma gida. A cikin duwatsun kuma akwai lambuna a Timiya da Iferwan da Tabelot, inda dabba ke jan guga ana ban-ruwa. Da Bajamushen matafiyi Heinrich Barth ya sauka Agadas a 1850, ya tarar gero ne ma'aunin ciniki a kasuwar garin, watau da shi ake ƙiyasta darajar sauran kayayyaki. Wannan kaɗai ya isa ya nuna matsayin hatsi a ƙasar da ba ta noma shi.

Kanti kuwa baƙo ne, tare da Turawa ya zo. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kamfanonin Turawa suka buɗe gidajen ciniki suna sayen gyaɗa da fatu, suna sayar da yadi da sukari da sabulu da kananzir. A ɓangaren Faransa, kamfanoni irin su CFAO da SCOA da Compagnie du Niger Français suka yi haka a Damagaram da Maraɗi da Yamai. Kanti ya bambanta da rumfar kasuwa ta fuskoki da dama: gini ne mai ƙofa da makulli, kullum yana buɗe ba sai ranar kasuwa ba, farashinsa yankakke ne, kuma akawu ke rubuta shige da ficen kaya. Bayan samun mulkin kai, gwamnatin Diori Hamani ta kafa Copro-Niger a 1962, ta ba ta ikon shigo da muhimman kayan masarufi kamar sukari da shayi da gishiri da garin alkama, domin a rage ƙarfin kamfanonin waje, a kuma daidaita farashi tsakanin kudu da arewa. A 1970 aka ƙara da OPVN mai kula da ajiyar hatsi. Haka al'amarin ciniki yake a Nijar lokacin da aka fara gina Arlit.

3.0 Garin da aka zana a takarda

A 1957 masu binciken ma'adinai na Faransa, suna neman tagulla a Azelik, suka ci karo da alamar yuraniyom. Hukumar makamashin nukiliya ta Faransa ta ci gaba da bincike a yammacin duwatsun Abzin, aka gano ma'adinin Arlit a 1965, na Imuraren a 1966, na Akuta a 1967. An kafa kamfanin Somaïr a 1968, ya soma fitar da ƙarfe a 1971 daga rami buɗaɗɗe. An kafa Cominak a 1974 da hannun jarin Nijar da Faransa da Japan, daga baya Ispaniya ta shigo, ya soma aiki a 1978 a mahaƙar ƙarƙashin ƙasa mai zurfin kimanin mita 250. Kowane kamfani ya gina wa ma'aikatansa gari: Somaïr ya gina Arlit, kimanin kilomita 240 arewa da Agadas, Cominak ya gina Akokan, kimanin kilomita 6 daga Arlit.

Tsarin unguwannin kamfani ya bi tsarin muƙamai a wurin aiki. Manyan ma'aikata, waɗanda a shekarun farko yawancinsu Faransawa ne, suna da ɓangarensu, matsakaita suna da nasu, leburori suna da nasu. Kamfani ya ɗauki nauyin ruwa da lantarki da asibiti da makaranta da wuraren shaƙatawa. Cikin waɗannan gine-gine akwai kantin ma'aikata, wanda Faransawa ke kira ekonoma. Dole ce ta sa aka gina shi, domin ba yadda za a yi a ajiye injiniya da iyalinsa a wurin da kasuwa mafi kusa take tafiyar yini a mota bisa hanyar rairayi, ba tare da an tanadar musu abinci ba.

Injiniyoyin da suka zo a wannan lokaci sun baro Faransa ne tana cikin sauyin ciniki. Kamfanin Carrefour ya buɗe katafaren kantinsa na farko a 1963 a wajen birnin Faris, irin kantin da mai saye ke shiga ya ɗebi kaya da hannunsa ya biya a bakin ƙofa. Irin wannan ne aka kwaikwaya a tsakiyar hamada, da ɗakunan sanyi, da kayan gwangwani, da cuku da man shanu da sauran cimar Turawa. Kaya masu nauyi manyan motoci ke kawowa daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano, waɗanda ba su jure zafi kuwa sai jirgin sama. A ƙarshen shekarun 1970, lokacin da farashin yuraniyom a kasuwar duniya ya haura dalar Amurka 40 kowane laba, ƙarfen kuma ya kai fiye da kashi 70 cikin ɗari na abin da Nijar ke sayarwa waje, sai Arlit ta sami laƙabin Faris ta biyu. Wannan laƙabi ne Idrissou Mora-Kpai, ɗan ƙasar Benin, ya sa wa fim ɗinsa a kan garin shekaru da yawa bayan haka, lokacin da abin ya riga ya zama labari.

4.0 Asalin dokar kantin ma'aikata

Kantin da ubangida ke buɗe wa ma'aikatansa yana da mummunan tarihi a Turai. A ƙarni na 19 masu masana'antu da mahaƙai sukan biya lebura da takardar karɓar kaya maimakon tsabar kuɗi, su tsauwala farashi, lebura ya wayi gari bashin kanti ya fi albashinsa, ba shi da halin barin aiki. Ingila ta hana wannan da doka a 1831. Faransa ta soke irin waɗannan kantuna a 1910, in ban da wasu kaɗan kamar na ma'aikatan jirgin ƙasa. Amma a ƙasashen da take mulka, inda gandaye da mahaƙai ke nesa da kasuwa, ba ta iya soke su ba. Dokar ƙwadago ta ƙasashen ƙetare, ta 15 ga Disamba 1952, ta yarda da su bisa sharuɗɗa uku: kada a tilasta wa ma'aikaci saye a can, a sayar kuɗi hannu kuma ba riba, a ware lissafin kantin daga na kamfani, wakilan da ma'aikata suka zaɓa su riƙa duba shi. Dokar ta ƙara da cewa a rubuta farashin kaya a fili yadda za a iya karantawa. Dokokin ƙwadago na Nijar bayan mulkin kai sun gaji wannan tsari.

Nufin dokar shi ne ta kare ma'aikaci daga zama bawan bashi a hannun ubangidansa. Amma ta bar wata ƙofa a buɗe. Albashi sau ɗaya yake zuwa a wata, ciki kuwa kullum yake nema, ga suna ga biki ga baƙi daga gida. Bashi hanji ne, in ji Hausawa, yana cikin kowa. Tun da tsarin kantin ma'aikata bai ginu a kan lamuni da sanayya ba, sai wannan aiki ya faɗa hannun ɗan kasuwa, wanda ya san ma'aikaci da matarsa da garin da suka fito, ya kuma san ranar biya.

5.0 Bukkoki da tashin kasuwa

Masu zanen Arlit sun yi lissafin ma'aikata da iyalansu, ba su yi lissafin waɗanda albashin zai jawo ba. An buɗe mahaƙar ne ana cikin babban farin 1968 zuwa 1974, wanda ya karkashe dabbobin makiyaya. Buzaye da Fulani da suka rasa dukiya suka matso gefen sabon garin suna neman gadi da dako da ƙananan ayyuka. Daga kudu kuma, daga Adar da Gobir da Katsinar Maraɗi da Damagaram, masu neman aiki da mahauta da maɗinka da masu tuwo suka yi ta kwararowa, haka ma daga ƙasar Zabarma da ƙasashen maƙwabta. Wanda bai sami aikin kamfani ba ba shi da gida a unguwar kamfani, ba shi da hakki a kantinta. Sai suka kafa matsuguni a bayan shinge da tabarmi da kwali da buɗaɗɗun ganguna. Sunan da aka sa wa waɗannan unguwanni, Bukkoki, kalmar Hausa ce da ta faɗi abin da ido ya gani, kuma sunan ya zauna har bayan da ginin laka da siminti ya maye gurbin bukkokin. Sunayen wasu unguwanni, kamar Zango da Wadata, su ma daga Hausa suke. Wata unguwar kuma ta ɗauki sunan SNTN, kamfanin sufuri na ƙasa wanda motocinsa suka riƙa jigilar kayan mahaƙan.

Ƙidayar jama'a ta nuna saurin wannan girma. A 1977 an ƙidaya mutum kimanin 10,000 a Arlit, a 1988 sun haura 32,000, a 2001 sun kusa 70,000, a 2012 kuwa sun kusa 80,000 har da Akokan. Ma'aikatan kamfanonin biyu ba su taɓa wuce ƴan dubbai ba. Ke nan mafi yawan bakunan da ke cin abinci a garin ba su da hanyar shiga kantin kamfani.

Har ma'aikacin da ke da wannan hanya, ba duk buƙatarsa kantin ke biya ba. Cimar gidansa tuwo ce da fura da shinkafa, tana son gero da dawa da wake, da kuka da kuɓewa da daddawa da barkono da man gyaɗa, da naman da mahauci ya yanka da safe. Waɗannan kayan kasuwa ne. Uwargida tana son ta taɓa hatsi ta gani, ta taya, a yi mata gyara. Mai ƙaramin ƙarfi kuma ba ya sayen kwalin sukari ko gwangwanin madara sukutum; ƙullin sukari yake saye, da ganyen shayi na dafawa ɗaya, da mai a ƙaramin ludayi. Mai tebur da mai shagon unguwa su ne suka ƙware wajen farfasa babban kaya zuwa irin wannan ƙanƙanen awo. Abu uku ke nan kasuwa ta fi kanti da su: irin abincin da jama'a suka saba, ƙaramin awo, da bashi zuwa ƙarshen wata. Da haka albashin da aka biya a cikin shinge ya riƙa fita bayan shinge, shaguna da rumfuna da tashar mota suka taru wuri guda, har ya zama in baƙo ya sauka ya ce a kai shi cikin gari, kasuwa ake kai shi.

Wannan dogaro da abin da ke fitowa daga kamfani bai tsaya ga kuɗi ba. Tsofaffin ƙarafa da bututu da ganguna su ma sun bi hanyar kasuwa, maƙera suna mai da su kayan gini da na girki. A Disamba 2003 ƙungiyar CRIIRAD ta Faransa, bisa gayyatar ƙungiyar Aghir In'Man ta Arlit, ta auna wasu ƙarafan da ake sayarwa ta tarar da tururin yuraniyom a jikinsu. A Nuwamba 2009 ƙungiyar Greenpeace ta sami irin wannan tururi fiye da ƙima a wasu titunan Akokan, abin da ya sa aka kwashe ƙasar wuraren.

6.0 Hanyoyi uku na abinci

Kasuwannin Arlit da Akokan sun rayu ne a kan hanyoyi uku. Ta farko ita ce ta kudu. Tsakanin 1976 da 1980 aka shimfiɗa kwalta daga Tawa zuwa Agadas zuwa Arlit, fiye da kilomita 600, wadda aka sani da hanyar yuraniyom. Domin ƙarfe da kayan aikin kamfani aka yi ta, amma ɗan kasuwa ya ci moriyarta daidai da kamfani. Tafiyar da a da take cin kwanaki ta koma ta yini guda ko biyu, gero da dawa da wake da albasa da rake da goro suka riƙa hawowa daga kasuwannin Tawa da Ƙonni da Maraɗi da Damagaram, tare da kayan masana'antun Nijeriya. Alhazan kudu masu manyan motoci suka sa yaransu a arewa, kamar yadda fatake suka saba ajiye wakili a kowane zango.

Ta biyu ita ce ta duwatsun Abzin. Masu lambu na Timiya da Iferwan da Tabelot da kan dutsen Bagzan, waɗanda a da alkama da masara suka fi nomawa don ci, suka sami kasuwar masu albashi a kusa da su. Suka ƙara noman tumatir da dankalin Turawa da tafarnuwa da albasa da lemo, ƙungiyoyin haɗin kai suna tattara kayan suna kai wa birane. Makiyaya suka kawo awaki da tumaki da raƙuma da cukun gargajiya. A gefen garuruwan biyu ma an buɗe lambuna da ruwan da ke fitowa daga unguwannin kamfani.

Ta uku ita ce ta arewa, daga Tamanrasat ta In Gezzam da Asamaka. Gwamnatin Aljeriya tana tallafa wa farashin muhimman kayan abinci da man fetur, saboda haka taliya da garin alkama da man girki da madarar gari sun fi araha a can ƙwarai. Larabawa da Buzaye masu sanin hamada suka riƙa shigo da su, wasu ta hanyar musayar kaya da hukuma ta yarda da ita, wasu ta fasa-ƙwauri, su koma da dabbobi da lalle da sauran kayan kudu. Madarar nan mai suna Lahda ta yi suna a shekarun 1980 har ta zama alamar wannan fatauci gaba ɗaya. Dabinon Aljeriya shi ma ya bi wannan hanya. Ta haka taliya ta shiga cimar yau da kullum ta gidajen arewa.

Kantin kamfani da igiya ɗaya yake rataye, watau hanyar Kwatano da asusun kamfani. Kasuwa kuwa tana da uku, in ɗaya ta tsinke sai ta koma kan biyu. Shekarun da suka biyo baya sun gwada wannan bambanci.

7.0 Shekarun tsanani

Bayan haɗarin tashar nukiliya ta Three Mile Island a Amurka a 1979, ƙasashe da dama suka ja baya da gina sababbin tashoshi, haɗarin Carnobil na 1986 kuma ya ƙara dagula al'amarin. Farashin yuraniyom ya yi ta gangarowa har ya faɗi ƙasa da dalar Amurka 10 a farkon shekarun 1990. Kamfanonin biyu suka rage ma'aikata kashi-kashi, ƴan ƙasa suka maye guraben Turawa da yawa. Farin 1984 ya sake koro makiyaya zuwa Bukkoki. Ta haka masu sayen cuku suka ragu, masu neman tiyar gero suka ƙaru. A wannan tsakani ne kuma tsarin gyaran tattalin arziki ya raba Copro-Niger da ikon da take da shi na shigo da kaya ita kaɗai, ƴan kasuwa masu zaman kansu suka karɓe fagen.

A Janairu 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100. Duk abin da ake sayowa daga Turai ya ninka kuɗi a dare ɗaya, albashi kuwa bai ninka ba. Tawayen 1990 zuwa 1995, da na 2007 zuwa 2009, sun sa motoci ba su bin hanyar arewa sai a jere da rakiyar soja, kuɗin dako ya hau, ya kuma bayyana a farashin kowane buhu. A Satumba 2010 aka sace mutum bakwai masu alaƙa da Areva da wani kamfanin kwangila a Arlit, a Mayu 2013 kuma aka kai harin bam a masana'antar Somaïr. Zaman Turawa da iyalansu a garin, wanda dominsa aka fara shigo da cimar Faransa, ya zama tarihi.

Kasuwa ta sami wasu masu saye da ba su da alaƙa da yuraniyom. Matafiya masu nufin Aljeriya sukan yada zango a Arlit su yi guzuri. A 2014 aka gano zinariya a Jado da Cibarkaten, wuraren da ba ruwa ba abinci, Arlit kuwa ta zama ɗaya daga cikin zangunan da ake ɗaukar musu ruwa da hatsi da mai.

8.0 Rufe Cominak

Ranar 31 ga Maris 2021 Cominak ya daina haƙa, bayan ya fitar da kimanin tan 75,000 na yuraniyom cikin shekara 43. Dalilin da aka bayar shi ne ƙarewar ma'adini mai riba da faɗuwar farashi bayan haɗarin Fukushima na 2011. Ma'aikata kimanin 600 suka rasa aiki, ban da ɗaruruwan ƴan kwangila. An tsara miƙa ruwa da lantarki da asibitin Akokan ga hukumomin ƙasa. Ga mai shago, rufewar tana da fuska biyu. Ya rasa masu saye, ya kuma rasa jinginar da yake ba da bashi a kanta, domin ƙarshen wata ba ya da ma'ana ga wanda ba ya jiran albashi.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka rufe iyakar Nijar da Benin, hanyar Kwatano da aka gina garuruwan a kanta ta toshe. Aikin Somaïr ya tawaya, dangantaka da kamfanin Orano, magajin Areva da Cogema, ta lalace, a Yuni 2025 gwamnatin Nijar ta ba da sanarwar mai da Somaïr mallakar ƙasa.

9.0 Harshen ciniki da lissafinsa

Wannan tarihi ya bar sawunsa a harshe. Mutanen Arlit da Akokan suna jin Tamajak da Zabarmanci da Fulatanci da Larabci da Barbarci da Tubanci, harshen ofis da na takardar albashi Faransanci ne, amma da Hausa ake ciniki, kamar yadda ake yi a Agadas tun da daɗewa. Kalmomin wurin sayarwa sun jeru bisa zamaninsu. Kasuwa da rumfa da zango tsofaffi ne. Kanti da tebur daga Ingilishi suka shigo ta hanyar Kano. Butik da mangaza da ekonoma daga Faransanci suke. Kowace tana da iyakarta a bakin masu magana: mangaza wurin ajiya ce da sayar da sari, butik ta unguwa ce, tebur na bakin hanya ne.

Abin da ya fi shafar masu tsara karatun manya shi ne lissafin kuɗi. Doka ta ce a rubuta farashi a fili, kuma da faran ake rubuta shi. Bahaushen Nijar kuwa da dala yake ƙirga, dala ɗaya faran 5. Abin da aka rubuta 25 dala biyar ne a baki, 100 dala ashirin, 500 dala ɗari, 1,000 kuma jika ɗaya. Wanda ya koyi karanta lambobi kawai, in ya ga 100 a jikin kaya ya ce ɗari, ya ninka kuɗin sau biyar a kunnen mai sauraro. Sai ya iya raba abin da ya gani da biyar kafin rubutun ya amfane shi. Haka kuma kanti da kilo da lita yake awo, kasuwa da tiya da buhu da ludayi, tiyar gero kuwa kimanin kilo biyu da rabi ce. Tun da Nijar ta kafa hukumar yaƙi da jahilci a 1963, darussan lissafi sun fi karkata ga manomi da sikelin gyaɗa da na auduga. Ma'aikacin mahaƙa da matarsa da mai shagon da ke bin su bashi, nasu lissafin dabam ne: takardar albashi, da farashin da aka manna, da littafin bashi wanda wani da boko yake rubuta shi, wani da ajami, wani da zane-zanen da shi kaɗai ya san ma'anarsu.

10.0 Kammalawa

A Amurka da Turai, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, manyan kantunan abinci sun bi masu motoci zuwa bayan gari, tsakiyar birane da dama ta zauna ba wurin sayen cefane. Ba su komo ba sai inda mutane suka koma kwana a cikin birnin, saboda kanti mazauna yake bi. A Arlit da Akokan an soma da kanti ne kafin mazauna, aka auna shi da adadin masu albashi, sai jama'ar da ta zo ta ninka wannan adadi sau da yawa, ta gina nata wurin ciniki bisa tsohon tsarin fatauci na Abzin da ƙasar Hausa. Tsarin ya jure faɗuwar farashi da karyewar kuɗi da tawaye biyu, domin hanyoyinsa suna da yawa. Amma duk da haka albashin mahaƙa ne ya fara tara masu saye a wurin, kuma ɗorewar Akokan ta rataya a kan samun abin da zai maye gurbinsa, ko lambu, ko zinariya, ko fataucin arewa, ko sabuwar mahaƙa.

Akwai aikin da ke jiran masu bincike tun shaidu suna raye. Takardun kamfani sun adana adadin ƙarfen da aka haƙa, labarin kasuwa kuwa yana bakin tsofaffin mahauta da direbobi da masu tuwo da sarakunan kasuwa, da cikin littattafan bashi na masu shago. Ya kamata a naɗi maganarsu, a tattara sunayen unguwanni da na ma'aunai da na kayayyaki yadda ake faɗinsu, a kwafi abin da aka samu na waɗannan littattafai da yardar masu su. Daga cikinsu ne za a fitar da tarihin farashin hatsi a arewa, da kuma darussan karatu da lissafi da suka dace da mazauna garuruwan ma'adinai.